Ƙaramar Ƙofar Yamet

Ranar da maƙwabciyarmu Orina ta shigo gidanmu da rigar mijinta naɗe a hammata, ina cikin tankaɗe, na san abin da ya kawo ta tun kafin ta zauna. Mijina Pektubai ma ya sani, shi ya sa ya miƙe zumbur wai zai je ya duba awaki. Awakin da tun da na aure shi bai taɓa dubawa ba sai an kawo ƙararsu.

"Zauna, tsoho," na ce masa. "Awakinka suna inda suka saba, cikin kabejin Orina."

Orina ta yi ɗan murmushi, irin na wadda ta manta yadda ake yinsa. Ta ajiye rigar a kan tebur, ta shafa ta da tafin hannu.

"Jibi arba'in ɗin Yamet," ta ce. "Kai nake so ka sa kayansa."

Mu 'yan ƙabilar Mari, mamacinmu ba ya tafiya gaba ɗaya sai ya cika arba'in. A ranar yakan dawo gida ya ci abinci da danginsa karo na ƙarshe. Tunda ba shi da jiki, sai a nemi wanda ya fi saninsa ya sa kayansa, ya zauna a mazauninsa, a kira shi da sunansa. Abin da ya ci, mamacin ne ya ci. Abin da ya faɗa, mamacin ne ya faɗa, kuma ba mai warware shi har abada.

"Ni?" in ji Pektubai. "Duk garin nan na Pistener ba ki ga kowa ba sai ni? Mutumin da muka tsufa muna zagin juna ta kan shinge?"

"To wa ya san tarinsa kamar kai? Wa ya san yadda yake jan ƙafar hagu?"

"Wannan kam na sani. Na san kuma ko kallon arziki bai taɓa yi mini ba. In zauna gabansa ina ta zuba, shi yana kallon bayan kunnena kamar akwai wani mai hankali a can."

"Amma kullum sai ka je," na ce.

"Ke Marpa, da ke nake?"

Orina ta bari muka gama. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, "Erbika tana hanya."

Na ajiye rariya. Pektubai ya koma ya zauna da kansa.

Erbika ita ce 'yar Yamet da Orina tilo. A hannuna ta koyi tafiya, don ni Yumo, Ubangijinmu, bai ba ni haihuwa ba, kuma tsakanin gidajenmu shinge ne kawai. Shekarar da ta zama budurwa aka turo masu saran itace daga birni, suka ci gefe guda na kurmin da muke addu'a, inda ko busasshen reshe ba ma karyawa. Yamet ne mai hura wutar addu'a a kurmin nan tun yana saurayi. Ya tsaya yana kallo aka kayar da itacen da ubansa yake rataya tawul ɗin sadaka. Cikin masu saran nan akwai wani dogon yaro mai yawan dariya, kuma duk samarin duniya shi zuciyar Erbika ta zaɓa.

Ranar da ta faɗa wa ubanta, har gidanmu muka ji shi. Ya ce in ta bi mai gatari, kada ƙafarta ta sake taka masa gida, yana raye ko yana mace. Ta ɗauki ƙunshinta, ta buɗe ƙaramar ƙofar da ke gefen babbar, ta gangara hanyar kogi. Yamet bai sake ambatar sunanta ba. In wani ya ambata sai ya tashi ya bar wurin.

Daga wannan shekarar ne kuma rigimarsu da mijina ta samo asali. Ƙaramar ƙofar ta zauna a buɗe, awakinmu suka gane hanya, kabejin Orina ya shiga uku. Pektubai ya ce, "Rufe ƙofarka." Yamet ya ce, "Ɗaure awakinka. Ba zan rufe ƙofata saboda akuya ba." Kowa a garin ya san zancen, har yara suna kwaikwayonsu. Taurin kai ne ya haɗu da ɗan'uwansa, mu mata muka bar su da halinsu.

"Kalma ɗaya nake roƙo," in ji Orina. "In ta miƙo maka kwano, ka karɓa. In ta kafa kyandir, kada ka ce a cire. In ya tafi bai karɓa ba, shi ke nan, yarinyar nan ba ta da uba a nan, ba ta da shi a can."

Pektubai ya daɗe yana murza gemu. Mijina yana da aibi kala-kala, ni ce zan ba ku labari, amma ƙarya ba ta cikinsu. Ko miya ce ba ta yi daɗi ba, a gaban baƙi zai faɗa.

"Orina," ya ce, "ina gefen gadonsa kafin ya cika. Na ce a aika wa yarinyar nan. Ya juya mini ƙeya. Na ce to bari in gyara maka ƙofar nan tunda kana kwance, ya ce in na taɓa ta sai ya tashi ya karya mini hannu. Haka mutumin ya tafi, bai sauko ba. Zan sa rigarsa. Amma ba zan sa masa magana a baki ba."

"Kai dai ba ka da zuciya," na ce.

"Ina da ita. Tasa aka ce in ara, ba tawa ba."

Orina ta bar rigar a kan tebur ta fita. Ni kuwa ranar ban ba shi abinci da zafi ba.

Washegari da yamma Erbika ta iso. Ta wuce gidan ubanta ba ta ɗaga kai ba, ta shigo namu. Na rungume ta, na ji duk ƙasusuwa, ga furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali. Zuciyata ta karye, na yi kuka na ƙoshi. Mijinta bai biyo ta ba, ya san kansa.

"Inna Marpa, har yanzu kina da kaskon nan mai kunne ɗaya?"

"Yana nan, shi da mai shi duk ba su mutu ba."

Ta ce ita za ta soya melna, wainar nan tamu mai faɗi ta kasko, wadda za ta miƙa wa ubanta. Ta zauna bakin murhu tana murza kakin zuma tsakanin tafukanta, tana yin kyandir ɗinta. Pektubai ya shigo, ya gan ta, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Kawu."

"'Yar nan. Kin zo."

"Na zo. Inna Marpa ta faɗa mini abin da ka ce." Ta ci gaba da murza kakin. "Kada ka yi mini ƙarya, Kawu. In ka karɓa don tausayi, zan gane. Gara in ji daga bakinsa ko da kora ce. Na gaji da zato."

"To," in ji shi. Ya fita, wai awaki.

A daren bai yi barci ba, ni ma bai bar ni na yi ba. Da asuba na same shi a tsakar gida yana gwada jan ƙafar hagu.

Ranar arba'in aka hura wutar ɗakin wanka tun da safe, aka rataya wa Yamet sabon tawul, aka bar masa ruwa mai ɗumi. Dangi suka cika gida, kowa da abin da ya riƙo: melna mai hawa-hawa, cuku, zuma a saƙarta, burodi mai kifi a ciki, tulun giyar gida. Da hantsi maza suka ɗaura wa doki keke suka tafi makabarta ɗauko baƙon, wato mamacin. Pektubai yana cikinsu da ƙunshin kaya a cinya.

Da keken dokin ya dawo, wanda ya sauko daga kai ba mijina ba ne. Ni da na kwana da shi shekara da shekaru, sai da gabana ya faɗi. Farar riga mai jan aiki a wuya, ɗamara a ƙasan ciki, hular gashi an turo ta gaba, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Ya yi tarin nan guda biyu, gajere da dogo. Orina ta dafa bango.

"Sannu da zuwa, Yamet," ta ce. "Shigo gidanka."

Ya shigo ta ƙaramar ƙofa yana jan ƙafa. Ya tarar da akuyarmu mai ƙaho ɗaya a bakin lambu, ya kai mata hauri. "Tsinannun awakin Pektubai," ya ce. Mutane suka fashe da dariya, wasu dariyar ta juye musu kuka.

Aka kai shi kusurwar maigida, ƙarƙashin katakon da ake kafa kyandir. Wannan mazaunin, tun da Yamet ya gaje shi daga ubansa, ba wanda ya taɓa zama a kai. Ko Orina in za ta goge shi daga tsaye take gogewa. Mijina ya ɗan yi jim, sannan ya zauna.

Dangi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya kunna kyandir ɗinsa ya manna a katako, ya miƙa kwano, baƙon ya ɗanɗana. An saba masu sa kaya su ba da labarin can, wa suka gani, wa ya aiko da gaisuwa. Wata ƙanwar Orina ta matso.

"Yaya Yamet, yaya can ɗin? Ka ga mijina?"

"In kin je kya gani."

"Haba Yaya, ko ɗan labari?"

"Da ina nan labari nake ba ki?"

"Shi ne, na rantse shi ne," in ji matar, tana share ido da gefen ɗankwali.

Duk wannan abin Erbika tana tsaye a waje, bayan dokin ƙofar ɗaki, kwano a hannu ɗaya, kyandir a ɗaya. Kowa ya gan ta, kowa ya yi kamar bai gani ba. Ni ina kai da kawo tsakanin murhu da tebur. Kyandirori suka cika katako, saura wuri kaɗan a gefe. Da na ƙarshe ya koma mazauninsa, ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar kaki yana ɗiga.

Ta ɗaga ƙafa ta tsallako. Ta zo gaban tebur ta tsaya daidai inda Pektubai yakan zauna in ya zo hira. Ta miƙa kwanon da hannu biyu.

"Baba, ga melna."

Bai motsa ba. Ina tsaye a gefensa da tulu, ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa. Hannuwansa suna kan gwiwa, ya danne su kamar masu shirin gudu. Na san abin da yake yi. Yana tambayar kansa me Yamet zai yi, kuma amsar da ya sani guda ɗaya ce. Ya ɗaure fuska. Ya ɗauke idonsa daga kanta, ya kai shi bayan kunnenta, yadda Yamet ya yi masa shekara da shekaru.

Wata tsohuwa ta ja numfashi. Orina ta rufe baki da hannu. Erbika kuwa ba ta sauke kwanon ba.

Ni haushi ya cika ni, har na buɗe baki zan yi abin da ba a yi, in kira shi da sunansa na gaskiya. Sai na ga fuskarsa ta canja. Idon nan da ya kai bayan kunnenta ya tsaya cak, ya ƙi dawowa. Na sunkuya kamar zan zuba giya, na bi inda yake kallo.

Akwai wata 'yar taga a bangon gefe, wadda duk mai zama a benci yake ba ta baya. Gilashinta ya yi duhu da hayaƙi, sai wuri ɗaya kamar faɗin tafin hannu da aka goge har yana sheƙi. Daga kusurwar maigida, ta wannan wurin, abu ɗaya ake gani: ƙaramar ƙofa a buɗe, da hanyar da ta gangara kogi, tun daga bakin shinge har inda kwale-kwale yake sauke mutane. Daga ko'ina a ɗakin ba a ganinta sai daga nan.

Na ajiye tulun don kada ya suɓuce mini. Ashe Yamet ba bayan kunnen mijina yake kallo ba. Ashe ba rigimar akuya ce ta hana shi rufe ƙofar ba.

Pektubai ya daɗe yana kallo. Gemunsa ya yi rawa, ya cije. Ya yi tari biyu, gajere da dogo, sannan ya juyo da idonsa kan Erbika.

"Ke. Wa ya soya wannan?"

"Ni ce, Baba."

Ya miƙa hannu ya karɓi kwanon. Ya yagi melnar, ya dangwala a zuma, ya kai baki, ya tauna a hankali, duk ɗakin muna kallon maƙogwaronsa har ya haɗiye.

"Ta ƙone ta gefe ɗaya," ya ce. "Har yau ba ki koya ba."

"Kaskon Inna Marpa ne," in ji ta, hawaye na zuba.

"Kullum da abin da za ki ce." Ya sake yagowa. "Kin daɗe."

"Ka ce kada in dawo."

"Na ce. Bakina ne ya ce, kuma kin san bakina. Zo nan." Ya matsa gefe, ya kama hannun rigarta ya jawo ta har kanta ya zo daidai nasa. Ya nuna tagar da haɓa. "Duba can. Me kika gani?"

Ta duba. Na ga lokacin da ta gane.

"Yadda kika bar ta, haka take," ya ce. "Kin san kabejin da awakin wancan tsohon banzan suka cinye mini saboda ke?"

Ta faɗi a gabansa ta kifa kai a gwiwarsa, tana kiran Baba, Baba, kamar yarinyar da ta ɓata a kasuwa. Ya ɗora hannu a kanta. Orina ta zagayo tebur, ita ma ta sunkuya ta leƙa tagar, ta daɗe a sunkuye.

"Kai Yamet," ta ce a hankali. "Ina ta goge ɗakin nan, ka ce in bar maka tagarka. Ka bar ni ina kuka ni kaɗai, ashe mu biyu ne."

"To ya isa," ya ce da muryar faɗa. "Ku tashi, kun jiƙa mini wando. Ke, kafa kyandir ɗin nan kafin ya narke a hannunki."

Ta kunna shi daga na uwarta, ta manna a wurin da ya rage. Ya kama da kyau, harshensa ya miƙe.

Daga nan gida ya warware. Aka ci, aka sha, mai busa ya hura abin busarsa mai jakar fata kamar salka, mai ganga ya biyo shi. Baƙon ya tashi ya yi rawarsa ta ƙarshe, rawar Yamet, ƙafa ɗaya na aiki ɗaya na biyo ta a baya, hannu a ƙugu, fuska a murtuke kamar an tilasta shi. Ya yi da Orina. Ya yi da Erbika. Ni ko kallona bai yi ba, kuma daidai ne, Yamet bai taɓa rawa da ni ba.

Da rana ta sunkuya aka ce lokaci ya yi. Aka tattara guntayen kyandir da ɗan abin da aka gutsura daga kowane kwano, aka zuba a kwando, guzurinsa ke nan. Mai tafiya ba ya waiwaye, in ya waiwaya zuciyarsa za ta maƙale a gida. Ya fito tsakar gida yana jan ƙafa, muna biye. Ya ratsa ƙaramar ƙofa, ya tsaya a waje, ya ba mu baya.

"Erbika."

Karo na farko ke nan da aka ji sunan nan da muryarsa tun tana budurwa.

"Na'am, Baba."

"Rufe ƙofar. Kowa ya riga ya shigo."

Ta kama ta ja, ƙofar ta ƙi. Gindinta ya nutse cikin ƙasa, ciyawa ta yi saiwa ta cikin katakon. Wani ɗan'uwansu ya matso zai taimaka, Orina ta tare shi da hannu. Erbika ta durƙusa ta dinga tono da yatsu, tana tuge ciyawa, ƙasa na shiga mata farce. Shi kuwa yana tsaye, ƙeyarsa gare mu, kafaɗunsa suna motsi. Ta miƙe ta sa kafaɗa ta ɗaga, ƙofar ta yi wani kuka mai tsawo, ta taho. Ta tura sakata, ta shiga da ƙyar.

Da ya ji ƙarar sakatar, sai ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya hau keken doki, suka gangara da shi makabarta.

Ana gab da kunna fitila, muna zaune a gidan Orina, na ji ana ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa. Muka dubi juna, don tun da muke ba mu taɓa jin an buga ƙofar nan ba. Erbika ce ta tashi, da zanen aikin uwarta ɗaure a ƙugu, ta je ta zare sakata. Pektubai ne a tsaye cikin tsohuwar rigarsa, idanu jajur, kayan Yamet a naɗe a hammata.

"Ya isa lafiya," ya ce. Ya miƙa mata kayan. "Masu gida suna ciki?"

"Muna ciki, Kawu," in ji ta. "Shigo."